Hazbiya a ido: yadda ake jinyarta a gida, da lokacin da ya kamata a nufi likita

Nan Tawa da iskan ɗari ya fara kaɗawa ƙura ta tashi, kowa hannunshi na ga ido ana ta murza, kuma ba ka rasa ganin wani a fada ko a kasuwa da fatar ido ta yi ja ta kumbura, ɗan ƙurji ya tsaya daidai gindin gashin ido. Hazbiya kenan, wadda dokta ke rubutawa orgelet a takarda. Ba ta da lokaci gaskiya, da zafi ma tana fitowa. Ita kaɗai ba ta makantar da mutum, mafi yawanta tana warkewa cikin sati 1 zuwa 2, amma wallahi abubuwan da ake yi mata a gidajenmu su ne ke ɓata ido, shi ya sa na ce bari in rubuta wannan daki-daki, ƴan uwa ku karanta ku gaya wa na gida musamman iyaye mata.

Da farko a san mi ke faruwa cikin fatar idon, don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. A bakin fatar ido, bayan layin gashin, akwai ƙananan kafofi da ke fitar da wani ɗan maiƙo duk lokacin da ka ƙyafta, maiƙon nan shi ke hana hawayen da ke jiƙa ido bushewa da wuri. Fatar sama tana da wajen 25 zuwa 40, ta ƙasa 20 zuwa 30. A gindin kowane gashi kuma akwai wasu da sunka fi waɗannan ƙanƙanta. In kafa guda ta toshe maiƙon ya taru, sai ƙwayar cutar nan stafilokok, wadda dama tana zaune bisa fatarmu da cikin hancin mutane da yawa ba tare da ta dame su ba, ta samu wurin zama ta yi mugunya. In a gindin gashi abin ya faru za ka ga kan ƙurjin a waje, ɗan fari ko rawaya. In a kafofin ciki ne ba ka ganin kai sai dai kumburi da zogi, sai an juya fatar ake ganin jan wurin, kuma wannan ta fi ciwo ta fi daɗewa.

Mataki na farko, duba da kyau kafin ka taɓa komi

Wanke hannu da sabuni, ɗauki madubi ka fita wurin haske. Ka tambayi kanka abu uku. Kumburin wuri guda yake, in ka taɓa nan ne kawai ke zafi? Farin idon lafiya lau yake ko ɗan ja kaɗan ne? In ka ɗaga fatar da yatsa kana gani garau yadda ka saba? In amsar duka e ce, to hazbiya ce ta yau da kullum, ka ci gaba da jinya a gida.

Akwai masu kama da ita da ake rikitawa. In ɗan dunƙule ne mai tauri girman ƙwayar wake, ba zafi ba ja sosai, ya kwashe satuttuka yana nan, wannan shi ne shalaziyon, toshewa ce kawai ba ƙwayar cuta ke aiki ba, sau da yawa ma tsohuwar hazbiyar ciki ce ke barin shi. In kuwa duka bakin fatar ido biyu ne ke ƙaiƙayi da raɗaɗi, gashin ya yi ɓawo-ɓawo ka tashi da safe ya manne, wannan blefarit ce, kuma ita ce uwar hazbiyar da ke tafiya tana dawowa, zan yi maganarta a ƙasa. Jan ido irin na apolo shi a farin idon yake da ruwa da kwantsa, ba ƙurji. Sannan kumburin da ya tsaya a lungun ido wajen karan hanci, ido na ta zubar hawaye in an danna mugunya ta fito, wannan hanyar hawaye ce ta kamu, ba aikin gida ba ne.

Mataki na biyu, gashi da ruwan ɗumi

Nan ne maganin yake, kuma nan ne mutane ke raina abin don ba a saye shi da kuɗi ba. Ku tuna yadda man shanu ke daskarewa da ɗari har sai an ajiye shi kusa da wuta ya narke, to haka maiƙon nan yake cikin kafar da ta toshe, ɗumi ne ke narkar da shi, ya kuma jawo jini wurin, ƙurjin ya nuna ya fashe da kanshi.

Ga yadda ake yi. A tafasa ruwa, ko a butar shayi ce in dai an wanke ta, a zuba a kwano mai tsabta a bari ya huce har ya koma ɗumi mai ɗan ƙarfi, wajen digiri 40 zuwa 45, wato in ka ɗiga a cikin wuyan hannunka za ka ji ɗumi sosai amma ba ƙuna. Kar a gwada da yatsa, yatsun matan da ke tuƙa tuwo kullum ba su jin zafi, abin da uwa za ta ce ai da sanyi shi ne zai toye fatar idon yaro, kuma fatar nan ta fi ko'ina siranta a jiki. A samu ƙyalle mai tsabta wanda anka wanke ya bushe a rana, ko kompres na farmasi, ɗan farin ƙyallen nan na wanke ciwo, a tsoma a matse, a rufe ido a ɗora. Minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a yini.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a ɗora ƙyallen sau ɗaya a zauna, alhali cikin minti 2 ya riga ya huce, balle da ɗari da iska ke kaɗawa, sauran lokacin duk ruwan sanyi ne mutum ya riƙe a ido. Dole kwanon ya kasance kusa da kai, da ya fara hucewa ka sake tsomawa, in ruwan kwanon ya yi sanyi ka ƙara daga tarmus. Wata dabara da ta fi sauƙi, a dafa ƙwai, a bari ya ɗan sha iska, a naɗe shi cikin ƙyalle mai tsabta a ɗora a hankali ba dannawa, yana riƙe ɗumi fiye da ƙyalle. Shi ma a gwada a wuyan hannu tukuna.

Don kar a manta, ni shawarar da nake bayarwa ita ce a haɗa shi da salla, bayan asuba, bayan azahar, bayan magariba, sai kuma in za a kwanta. Dama ka yi alwala, ka ƙara da sabuni a hannu kawai ka zauna minti 10 ɗin nan kana lazimi.

Yaro ƙarami ba zai yarda ya zauna ba, kar a danne shi ana kokawa. Na ga wata uwa a unguwarmu yadda take yi ya burge ni, sai ta bari ɗiyar ta fara gyangyaɗi bisa cinyarta bayan cin tuwon dare, ta sa kwanon a gefen tabarma, ta fara ɗora ƙyallen a goshi da kumatu har yarinyar ta saba da ɗumin, sannan ta gangaro kan idon tana yi mata ƴar waƙa. Ko minti 5 anka samu a yaro sau da yawa a yini ya fi babu nesa ba kusa ba.

Bayan gashin, da yatsa mai tsabta a ɗan shafa fatar a hankali zuwa wajen gashin, ta sama a shafo ƙasa, ta ƙasa a shafo sama. Shafa na ce, ba matsa ba, in ma wurin na zafi sosai a bari sai ya lafa. Sannan a goge bakin fatar da sabon kompres da ruwan da anka tafasa ya huce ko siram fiziyolojik na farmasi, daga wajen hanci zuwa wajen kunne, guga ɗaya a yar. Ƙyallen da ya taɓa ido mai ciwo ba ya zuwa ga mai lafiya.

Yawanci cikin kwana 3 zuwa 5 za ka ga kan ya yi fari, wata safiya ka tashi ya fashe mugunya ta fito zogin ya sauka. Kar ka daina nan take, goge ka ci gaba da gashin kwana 2 ko 3 don sauran ya fita duka, barin shi rabi da rabi na cikin abin da ke sa ya koma dunƙulen nan mai tauri.

In zogi ya hana barci parasetamol ya isa, babba 500 mg zuwa 1 g kowane awa 6, kar a wuce 3 g a yini in ba dokta ya ce ba. Yaro da nauyinshi ake aunawa, 15 mg kowane kilo, kowane awa 6.

Mataki na uku, abubuwan da ba a yi

Don Allah kar a matse ta, kar a huda ta da allura ko ƙaya ko tsinken ashana, ko da kan ya yi fari fat yana kiranka. Matsawa tana tura mugunyar cikin naman fatar ne, abin da yake wuri guda ya watsu fatar duka ta kumbura ido ya rufe. Kuma jijiyoyin jinin wannan yanki na fuska suna da hanya zuwa bayan ido har cikin kai. Ba kullum abin ke kai can ba, amma wanda ya faɗa wa ya san ba wasa ba ne. Allura kuwa hannu ya ɗan goce kaɗan ta taɓa baƙin ido, hakiya ce ta har abada.

Sai abin da ake ɗigawa. Nonon uwa, ruwan lemun tsami, ruwan albasa, ruwan sukari, fitsari, garin taba, man goge baki, ruwan ganye, duk ana yi kuma duk masu ba da shawarar da zuciya ɗaya suke bayarwa, na sani, kakanninmu ne da gwaggonninmu. Amma ciwon a cikin fatar yake, abin da ka ɗiga kuma kan ƙwayar idon yake sauka, wurin da lafiyarshi lau, ya ƙona shi ko ya kai mishi wata ƙwayar cutar. Fitsari ya fi muni, in mai shi na da ciwon sanyi ƙwayar nan tana iya cinye baƙin ido ta huda shi cikin ƴan kwanaki. In tsohuwa ta matsa ba sai an yi gardama da ita ba, a ce mata Inna bari mu gwada ruwan ɗumi kwana uku tukuna, in addu'a ce a yi a tofa a hannu a shafa, wannan ba ya cutar da kowa.

Haka nan buɗe kafso mai ja da rawaya a barbaɗa garin a ido, an yi shi don ciki ne ba don ido ba. Sannan babban abin da ke ba ni tsoro, kolir da pomad, wato maganin ɗigawa da na shafawa a ido, na masu talla bisa tire ko bayan keke, waɗanda sunka yini cikin ranar watan Afrilu. Da yawansu akwai kortikoyid a ciki, duba jikin kwalin in ka ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone ko hydrocortisone, to shi ne. Yana kwantar da ja da kumburi nan da nan shi ya sa ake yabonshi, amma amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba yana hawar da matsin ido har ya kashe jijiyar gani a ɓoye, yana kawo yanar ido, in kuma akwai gyambo a baƙin ido ya ƙara rura shi. Likitan ido yana rubuta irinshi wani lokaci, amma bayan ya duba idon da na'ura kuma ya ƙayyade kwanaki. Ragowar kolir ɗin maƙwabciya ma a bar mata abinta.

Mata, har sai an warke ba kwalli ba jagira kusa da wurin, ba maskara, ba gashin ido na kanti. Mai sa lantiy, ɗan gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, ya koma tabarau. Yaro zai iya zuwa lakol, hazbiya ba ta yaɗuwa irin ta apolo, sai dai kar a haɗa tawul da matashin kai.

Mataki na huɗu, maganin farmasi

Gaskiyar magana hazbiya ƙarama ba ta bukatar antibiyotik, gashin ne ke aikin. In tana zubar da mugunya cikin ido ko bakin fatar duk ya kamu, majo a CSI, wato likitar unguwa, kan rubuta pomad tetrasiklin 1% ta ido, ko wata irinta. A saye a farmasi ko depo na gaskiya, a tabbata an rubuta ophtalmique a jiki, don akwai tetrasiklin 3% ta fata kuma ba ta shiga ido. Wurin sawa, wanke hannu, ja fatar ƙasa da yatsa, kalli sama, matsa ɗan layi kamar santimita 1 a ciki ba tare da bakin tub ɗin ya taɓa ido ko gashi ba, rufe ido minti 1. Gani zai yi hazo na ɗan lokaci don haka kar a sa a hau moto. Gashi tukuna sannan pomad. Tub ɗin da anka buɗe ya yi wata ɗaya a yar da shi. Antibiyotik na sha kuwa sai an duba an ga ciwon ya fara yaɗuwa a fata, kuma mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a rubuta, don doksisiklin da tetrasiklin na sha ba a ba mai ciki ba a kuma ba yaro ƙasa da shekara 8.

Mataki na biyar, alamun da ba a kwana da su

Wannan sashen ku riƙe shi ko da kun manta sauran. In kumburin ya bar wuri guda ya mamaye fatar duka, ya yi ja da zafi ya gangaro kumatu ko ya hau gira, ko zazzaɓi ya shigo, a tafi likita yau ba gobe ba. In kuma aka ga ɗaya cikin waɗannan, ido ya turo waje, juya shi na ciwo ko ba ya juyawa sosai, ana ganin abu bibbiyu, gani ya ragu, ciwon kai mai tsanani da amai, yaro ya yi laushi yana ta barci, to ciwon ya shiga bayan ido, ko da tsakar dare ne a nufi urjans, magani ne na jijiya da kwanciya. A yara irin wannan sau da yawa daga mura da ciwon kogon hanci yake tasowa ba ma daga hazbiya ba, don haka yaro mai mura da ido ɗaya ya kumbura ya rufe kar a ce hazbiya ce a zauna ana gashi.

Jinjirin da bai kai wata ɗaya ba, idonshi ya kumbura yana fitar da mugunya, babu jinyar gida ko ta awa ɗaya, a kai shi nan take a kuma duba uwar. Tsoho ko babba da ƙuraje masu ruwa sunka fito a goshi da fatar ido da karan hanci gefe ɗaya kawai da raɗaɗi, wannan zona ce, maganinta ya fi aiki in an fara cikin kwana 3. Mai ciwon sukari shi ma kar ya daɗe yana jira.

Wanda ba gaggawa ba amma dole a je, hazbiyar da anka yi kwana 3 ana gasawa yadda ya kamata tana ƙara girma, ko ta wuce sati 2 ba ta tafi ba, ko dunƙulen da ya wuce wata ɗaya zuwa biyu. Ana farawa daga CSI na unguwa, su tura ka CHR, babban asibitin jaha na Tawa, in abin ya fi ƙarfinsu. A Yamai akwai sashen ido a babban asibitin ƙasa da na Lamorde, ga kuma asibitin ido da ake kira Makka. Mutane na jin tsoron kalmar aiki a ido, amma na shalaziyon ɗan ƙarami ne, allurar kashe zafi a fatar, a juya ta a tsaga ta ciki a kwashe abin, minti 15 zuwa 20 ka koma gida da bandeji, ba a taɓa ƙwayar idon, tabo ma ba ya fitowa a waje. A yaro babban dunƙule a fatar sama yana iya danne baƙin ido ya karkatar da gani, kar a ce a bari sai ya girma.

In tana tafiya tana dawowa

Nan sai a nemi dalili. Na farko blefarit ɗin da na ambata, ita ba ta warkewa gaba ɗaya sai dai a riƙe ta da tsabta, gashi minti 5 zuwa 10 kullum, shafa, sannan goge gindin gashin da kompres, ko an ji sauƙi a ci gaba. Mai amosanin kai ya yi maganinshi don sau da yawa tare suke tafiya. Na biyu sukari, babban da hazbiya ko maruru ke yawan fito mishi ya je a auna da safe kafin ya ci komi, in an samu 1,26 g a litar jini ko fiye a awo biyu to ciwon sukari ne, gara a sani da wuri.

Na uku kwalliya, kuma a nan zan ɗan tsaya don ina ganin abin a bukukuwa. Mai kwalliya ɗaya, buroshi ɗaya, fensir ɗaya, ta yi wa amarya da ƙawaye goma sha, a manna gashin ido da gam, wata ta kwana uku da shi ba ta cire ba don kar kuɗinta ya tafi banza, gam da hoda da zufa duk sun toshe kafofin nan. Ƴan uwana mata ku riƙa zuwa da fensirinku da maskararku, ku wanke fuska kafin barci komi gajiya, maskarar da anka buɗe ta wuce wata 3 a rabu da ita. Kwalli ma tsinke ɗaya gida duka daga kaka har jinjiri ba daidai ba ne, kowa da nashi. Shi kwallin dutse kuma akwai dalma a cikin mafi yawanshi, tana shiga jinin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwa, ni dai ina roƙo a daina sa wa jarirai.

Kar kuma a rikita da amadari, wato trakom, wanda anka daɗe ana yaƙi da shi a ƙasar nan da rabon azitromisin da wankin fuskar yara. Tsohuwar da gashin idonta ya juya ciki yana sukar ƙwayar ido, kullum tana tsige shi da hantsaki, ba hazbiya ke damunta ba, ƙaramin aiki ake yi a gyara fatar kafin baƙin idon ya lalace, a kai ta.

Dattijo ko dattijuwar da dunƙule ke dawowa wuri ɗaya tak bayan an tsaga, ko gashin wurin ya zube, ko ya zama gyambo yana jini, a gaya wa likitan ido ƙarara cewa wuri guda ne yake dawowa, don akwai wata irin kansar fatar ido da ke fara kama da shalaziyon, sai an yanki ɗan nama an auna ake ganewa. Kuma duk mai zuwa likita ya zuba duk abin da ya riga ya sa a idon cikin leda ya tafi da shi, tub, kwalba, kwali, har na gargajiyar, ya faɗi gaskiyar kwana nawa ya yi yana sawa, don da wannan ne dokta zai san ko ya auna matsin idon ko ya canza magani.